Ƙunar Ganyen Kwambitar: Daga Ailan Zuwa Garkar Kawuna

Da aka ce kowa ya kawo rubutu a kan tarihi don wannan fitowa, na san wasu za su ɗauko Sarauniya Mangu, wasu kuma su ɗauko yadda Voulet da Chanoine suka ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Ni kwambitar na ɗauko, wato dankalin turawa, kuma na san akwai masu yi mini dariya. Ku dai yi haƙuri ku ji yadda aka yi.

Hutun ƙarshen shekarar da ta wuce na je gida Bazaga. Kawuna yana da ƴar garka bayan gida, kusa da rijiya. Albasa yake yi kamar kowa a ƙasarmu, sai ɗan salati da tumatir. Bara ya ce zai gwada kwambitar, don ya ga abin da mutanen Dogon Dutsi ke samu da shi. Irin da ƙungiyoyin manoma ke kawowa daga Turai ya yi masa tsada, sai ya sayi ƙananan kwambitar na ci a kasuwa, ya ajiye har suka yi tsiro, ya dasa. Takin da ya zuba kuwa bashi ne, sai an tone za a biya.

Wata safiya na bi shi garka, na tarar ganyen ƙasa-ƙasa duk ya yi ɗige-ɗige baƙi-baƙi, wasu sun fara bushewa. Na ce, "Kawu, me ya sami kwambitar?" Ya ce, "Ɗari na ya ƙone shi. In Allah ya so gobe in sawo piya-piya in hesa mishi." Gabana ya faɗi, domin ban daɗe da karanta labarin wata ƙasa da baƙin ɗigo a ganyen dankali ya kusa shafe ta ba. Na fara ba shi labari, ya dube ni ya ce, "Kai da bokonka, mi ka sani ga garka?" Gaskiya ya faɗa. Amma labarin nan ya kamata duk mai dasa kwambitar ya ji shi.

Asalin dankalin nan tsaunukan Andes ne, a ƙasashen Peru da Bolibiya na yau, inda manoma ke da iri-iri har dubbai. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen 1570. Babu inda ya karɓu kamar tsibirin Ailan, wanda ke yamma da Ingila kuma yake ƙarƙashin mulkinta a lokacin. Dalili a fili yake. Mafi yawan ƙasar noma tana hannun manyan masu gonaki, da yawansu ma a Ingila suke zaune. Talaka haya yake yi. Alkama da sauran hatsin da ya noma su ne kuɗin haya, shi kuma ya dasa dankali a ɗan gefen da aka bar masa, ya ci da iyalinsa. Ƙidayar 1841 ta sami mutum fiye da miliyan 8 a tsibirin, kuma wajen miliyan 3 daga cikinsu kusan ba su da wani abinci sai dankali, safe da rana da dare. Ƙato mai aikin ƙarfi yakan ci har kilo 6 a yini.

Akwai wani abu da sai mai gona zai gane nauyinsa. In ka shuka gero, kowace ƙwaya da ɗan bambancinta da ƴar uwarta, saboda haka cuta takan kama wasu ta bar wasu. Kwambitar ba haka ba ne. Ɗan da ka dasa gutsuren jikin uwarsa ne, kamar yadda ake dasa karan rogo. In gari duka iri ɗaya suka dasa, to tamkar shuka ɗaya ce aka rarraba gona-gona, abin da ya kayar da ɗaya zai kayar da duka. Talakawan Ailan kuwa, musamman na yammacin tsibirin, iri ɗaya suka fi riƙewa, sunansa Lumper, saboda yana ba da yawa ko a ƙasa marar ƙarfi.

An fara ganin cutar a gabashin Amurka a 1843, wajen Filadelfiya da New York. A damanar 1845 sai ga ta a Beljiyam, ta ketare teku cikin dankalin da jiragen ruwa ke ɗauka. Cikin ƴan makonni ta mamaye Holan da arewacin Faransa da kudancin Ingila, a watan Satumba ta isa Ailan. Waccan shekara ta ci tsakanin kashi ɗaya cikin uku da rabin amfanin. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, mutum zai tone dankalinsa ya gan shi lafiya, ya adana, bayan ƴan kwanaki ya buɗe ya tarar ya ruɓe yana wari. A 1846 ɓarnar ta fi haka nesa ba kusa ba, kusan babu abin da ya tsira. A 1847 cutar ta lafa, amma mutane sun riga sun cinye irin, ba a dasa abin kirki ba. A 1848 ta dawo. Kafin 1852 wajen mutum miliyan 1 sun mutu, yawancinsu da zazzaɓi da atini da suka kama jikin da yunwa ta riga ta raunana, fiye da miliyan 1 kuma sun yi hijira zuwa Amurka da Kanada da Ingila. Har yau da nake wannan rubutu, yawan mutanen tsibirin bai koma yadda yake a 1841 ba.

Cutar ta ci dankalin Beljiyam da na Holan, can ma an sha wuya an kuma yi asarar rayuka, amma ba a ga irin abin da aka gani a Ailan ba. To me ya sa? A shekarun nan ba a daina fitar da hatsi da shanu da man shanu daga tashoshin jiragen Ailan zuwa Ingila ba, domin dole a biya haya. Firaminista Robert Peel ya sa an sayo masarar fam 100,000 daga Amurka, amma gwamnatin John Russell da ta gaje shi a 1846, da jami'in baitulmalin da ke riƙe da aikin agajin, Charles Trevelyan, sun fi yarda a bar kasuwa ta yi halinta. A tsakiyar 1847 an buɗe wuraren dafa abinci kyauta da suka ciyar da wajen mutum miliyan 3 a rana, wanda ya nuna cewa in an so ana iyawa, sai kuma aka rufe su bayan ƴan watanni. A shekarar ne aka yi doka cewa wanda ke riƙe da fili fiye da rubu'in eka ba zai sami agaji ba sai ya saki filin. Masana tarihi suna ta gardama ko da hana fitar da abincin zai wadatar, tunda daga 1847 abin da ke shiga ƙasar ya fi abin da ke fita. Ni dai a ganina wanda aka kora daga gonarsa yana jin yunwa ba ruwansa da wannan lissafi. Taimako ya zo daga nesa: Sarkin Daular Usmaniyya Abdulmajid ya aika fam 1,000, ƙabilar Choctaw ta Amurka, waɗanda su kansu ba a daɗe da korarsu daga ƙasarsu ba, suka tara dala 170.

Da na karanta wannan sai na tuna da namu. Kakanninmu sun ga Kakalaba a 1913 zuwa 1914. A 1931 fara da ƙarancin ruwa suka jefa yammacin Nijar cikin yunwa, Nasara kuma bai daina karɓar haraji ba. Ba mu buƙatar wani ya fassara mana halin da talakan Ailan ya shiga.

Mu koma kan cutar kanta, domin nan ne na ga kawuna a cikin littafi. A 1845 manyan masana ba su san abin da ke faruwa ba. John Lindley, babban malamin ilimin tsirrai a Landan, cewa ya yi sanyi da yawan ruwa ne suka ruɓar da shukar, farar funfunar da ake gani a ganye kuma daga baya ta zo cin mushe. Ashe "ɗari na ya ƙone shi" ba a Bazaga aka fara faɗinta ba. Wani limamin coci na ƙauye mai sha'awar binciken funfuna, Miles Berkeley, ya rubuta a 1846 cewa funfunar ita ce mai kisan. Mutane da yawa ba su yarda ba. Sai a 1861 wani Bajamushe, Anton de Bary, ya raba gardama. Ya ajiye shuke-shuke masu lafiya cikin sanyi da laima iri ɗaya, ya barbaɗa wa wasu ƙurar funfunar, ya bar wasu. Waɗanda aka barbaɗa wa ne kaɗai suka kamu. A 1876 ya raɗa mata sunan da ake kiranta da shi har yau, Phytophthora infestans, kalmar farko da harshen Girka tana nufin mai halaka shuka. Ku lura, wannan ya faru kafin Robert Koch ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882. Ganyen dankali yana cikin abubuwan farko da suka nuna wa duniya cewa ɗan ƙaramin abu mai rai na iya zama sanadin cuta.

Lindley bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Cutar ba ta iya komai sai da sanyi-sanyi da laima. Ƙwayoyinta suna tashi a iska, su sauka kan ganye, amma sai ganyen ya daɗe a jiƙe suke tsirowa su huda shi. Cikin kwana huɗu zuwa bakwai wurin ya yi baƙi ya fitar da sababbin ƙwayoyi dubbai. A yau a Ingila, in aka yi kwana biyu a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 10 ba, kuma iska ta cika da laima kashi 90 cikin 100 na awa shida kowace rana, sai a aika wa manoma gargaɗi. In yanayi ya yi mata daɗi, mako biyu ya ishe ta ta gama da gona.

Maganin farko kuwa ɓarayi ne sanadinsa. A yankin Bordo na Faransa masu gonakin inabi sukan yayyafa wa na bakin hanya wani shuɗin ruwa, haɗin gishirin jan ƙarfe da farar ƙasa, don masu wucewa su ji tsoron tsinka. A 1882 wani malamin jami'a, Alexis Millardet, ya lura cewa inabin da aka yayyafa wa bai kamu da wata cutar ganye ƴar uwar ta dankali ba. A 1885 ya bayyana haɗin ga duniya, ba da daɗewa ba aka ga yana kare dankali ma. Shekara arba'in ke nan bayan cutar ta shiga Ailan. Kuma samun magani bai hana a sake jin jiki ba: a 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, cutar ta faɗa wa dankalin Jamus alhali jan ƙarfen ƙasar ya tafi ƙera harsashi, mutane suka yi sanyin shekarar suna cin abincin dabbobi. Daga baya da aka fito da wani sabon magani mai shiga jikin shuka, metalaksil, a ƙarshen shekarun 1970, bai yi ƴan shekaru ba cutar ta saba da shi a Ailan da Holan.

Nahiyarmu ma ta iso. An ba da rahotonta a Kenya a 1941. Mafi kusa da mu kuwa tudun Jos ne, inda ake noma mafi yawan dankalin Najeriya, kuma da damana ake yinsa, cikin sanyi da ruwa da hazo, daidai abin da cutar ke so. Manoman Bokkos da Mangu sun sha kuka da ita, a 2014 da kuma 2022 ta yi musu mummunar ɓarna, duk da akwai tashar binciken dankali a Kuru kusa da su.

Mu a Nijar sha'aninmu daban ne, kuma wannan shi ne abin da ban gane ba ranar da gabana ya faɗi. Kwambitar a wurinmu ɗan noman rani ne. Bayan farin 1984, wanda dattawa ke kira El Buhari, gwamnatin Seyni Kunce ta tura mutane ga garake da ƙarfi, yau ga Bonkuku, ga Tabelot a cikin Ayar, ga Dogon Dutsi, duk an san su da shi. Muna dasawa wajen Nuwamba, mu tone wajen Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke tsage leɓe, wanki ya bushe kafin ka juya. Akwai sanyi, amma babu laima. Wannan busasshiyar iska da muke tsine wa ita ce babban mai gadin garakenmu.

Sai dai mu da hannunmu muna iya yi wa cutar damana a cikin rani. Mutum ya dasa a cushe ba sarari, ya zo da almuru da butar ban-ruwa mai bakin rariya ya yi wa ganye wanka, ganyen ya kwana a jiƙe cikin sanyi a bayan darni inda iska ba ta ratsawa. Sa'an nan ga iri. Cutar nan ba ta daɗewa a busasshiyar ƙasa in babu shuka mai rai, cikin ɗan dankali take ɓuya ta yi tafiya. Haka ta ketare teku a 1845. Wanda ya sayi kwambitar na ci a kasuwar Ƙonni ko ta Illelar Najeriya ya mai da shi iri, bai san daga wace gona ya fito ba, bai san abin da ya ɗauko ba, ko wannan cuta ko wata.

Na tsinki ganye uku na kai wa wani malamin gona. Bai ko zauna ba ya ce ba ita ba ce. Ya nuna mini ɗigon da kyau: ƙanana ne, busassu, kuma a cikin kowane akwai zobe cikin zobe kamar ka yanka albasa a tsakiya. Tsofaffin ganye na ƙasa ta fara kamawa. Wannan wata cuta ce daban, altarnariya, mai son zafi-zafi da shukar da yunwa ko ƙishi ya raunana. Tana rage amfani, amma a hankali take tafiya. Ita kuwa ta Ailan, wadda masu faransanci ke kira mildiyu, tabonta babba ne, ba shi da zobe, yakan faro daga baki ko gefen ganye, kamar an zuba wa ganyen tafasasshen ruwa, da ɗan kore-kore mai haske kewaye da shi. In ka juya ganyen da sassafe za ka ga fari-fari kamar audugar rimi a bakin tabon. Tana baƙanta kara, garka ta ɗauki wani wari. In ka yanka ɗan, za ka ga ja-ja kamar tsatsa ya shiga daga ƙarƙashin ɓawo. Ya koya mini gwaji mai sauƙi: ka sa ganyen da kake tuhuma cikin leda da ɗan jiƙaƙƙen tsumma, ka ɗaure, ka ajiye gindin randa ya kwana. In da safe farin nan ya fito a bayan ganye, ita ce. Ya ƙara da ta uku da ya ce a kula da ita ƙwarai: shuka ta yi yaushi tana kore shar alhali ƙasa da danshi. Ka yanke karan ka tsoma cikin kofin gilashi mai ruwa, in wani farin zare kamar madara ya zubo daga cikinsa, to cutar yaushi ce ta bakteriya, wadda ba ta da maganin fesawa kuma takan zauna a ƙasa shekaru. Ita ma cikin iri take zuwa.

Kuma duk cikin ukun babu wadda piya-piya ke taɓawa. Maganin ƙwari ne, guba ce mai ƙarfi, fesa shi a kan funfuna asarar kuɗi ce da cutar da kai.

In mildiyu ce fa? Magungunan da aka saba da su, mankozeb da na jan ƙarfe, kariya suke yi wa ganyen da bai kamu ba, wanda ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Don haka sauri ake bukata, kuma a tambayi malamin gona kafin a saya, kada a karɓi ƙullin da ba shi da suna a jiki. In ganye kaɗan ne, a tsinke su cikin leda, a fitar daga garka a ƙone ko a binne da zurfi, kada a jefa kan juji ko cikin takin da za a mayar. In ta riga ta bazu, sai a daure a sare karan duka daga gindi a kwashe, a tsai da ban-ruwa, a bar ƴaƴan cikin ƙasa mako biyu zuwa uku kafin a tone, don ɓawonsu ya yi ƙwari, ƙwayoyin da suka zuba a saman ƙasa kuma su mutu. Za a sami ƙanana, amma za a samu. Wanda ya yi gaggawar tonewa ta cikin ganye mai cuta, shi ne zai buɗe buhu bayan mako ɗaya ya ji wari, kamar yadda ya faru da mutanen Ailan a shekarar farko. Tun farko ma tara ƙasa a gindin shuka da kyau yana hana ƙwayoyin isa ga ƴaƴan. A kuma sa ido kan tumatir, domin dangi ɗaya suke da kwambitar kuma cutar tana cin su duka. Kada a dasa su gefe da gefe, kada kuma a mayar da ɗaya fangalin da ɗayan ya tashi.

Da na koma na faɗa wa kawu ba wadda nake tsoro ba ce, ya yi dariya har da tafi. Ya ce, "To ina yunwar Turawan da kac ce tana tahe?" Na bar shi ya gama, sa'an nan muka tsinke ganyen ƙasa tare, ya ƙara ɗan taki, kuɗin piya-piya kuma ya sayi goro da su. Ya yarda ya riƙa zuba ruwa a gindi maimakon a kan ganye. Ban-ruwan safe ne ya ƙi, wai da safe yana da shanu da zai kula da su, kuma tun kakanninsa da marece ake ban-ruwa.

A watan Fabrairu ya tone. Ƴaƴan ba su yi girma ba, amma ya biya bashin taki, an kuma ci a gida. Da na kira shi a waya kwanan nan na tambaye shi maganar irin bana, ya ce ya ware ƙanana daga na bara ya ajiye a ɗaki cikin yashi, in sun tsallake zafin bazara su zai dasa. Na ce, "Kawu, da dai ka haɗa kuɗi da maƙwabta kun sayi na ƙungiya, ko buhu ɗaya ne ku raba." Ya ce zai duba, in albasa ta yi kuɗi.